“To read” ko “reading”: tambayoyin da ɗaliban Zariya ke yawan yi

Da zarar jarrabawar WAEC, NECO ko JAMB ta matso, azuzuwan lesin na Samaru, Tudun Wada da Sabon Gari sukan cika maƙil. A JAMB kuwa Turanci dole ne ga kowa, tambaya 60 daga cikin 180, kuma wannan babi yana cikin masu cinye maki a banza.

Malam, tun farko mene ne bambancinsu?

Aikatau na Turanci yana iya zuwa da “to” a gabansa, kamar “to read”. Littattafan nahawu suna kiran wannan infinitive. Yana kuma iya ɗaukar “-ing” a wutsiya ya yi aikin suna, kamar “reading”. Shi ne gerund. Mu ma muna da makamancin haka: “ina so in karanta” da “ina son karatu”. Sai dai mu duka biyun sun halatta mana bayan “so”, shi kuwa Bature bayan “want” ɗaya kawai ya yarda da shi: “I want to read”. Wanda ya rubuta “I want reading” ya faɗi.

Duk kalma mai “-ing” gerund ce?

A'a. A “She is cooking”, ana cikin yin girkin ne. A “Cooking is her trade”, girkin ya zama suna. Cire kalmar ka sa “it”. Idan jimla ta tsaya da ƙafarta, gerund ce.

To ta yaya zan san wanda zan zaɓa?

Kalmar da ta gabata ita ke yanke hukunci. “Want”, “hope”, “plan”, “decide”, “agree”, “refuse” da “promise” suna jan “to”. “Enjoy”, “avoid”, “finish”, “mind”, “deny”, “suggest” da “consider” suna jan “-ing”. Wasu malamai sukan ce mai “to” na abin da bai faru ba ne tukuna, mai “-ing” na abin da aka riga aka yi. Wannan yana taimakawa, amma ni ban cika dogara da shi ba, don shawara ai ta abin da ke gaba ce, duk da haka “He suggested going to Kongo” ake cewa, ba “suggested to go” ba. Abin da ya fi shi ne ka haddace kowane aikatau da gajeriyar jimlarsa, ba shi kaɗai tsirara ba. Irin su “begin”, “start” da “continue” kuwa ba su da rigima, ko wanne ka sa ya yi.

An ce akwai waɗanda ma'ana ke juyewa gaba ɗaya. Gaskiya ne?

Ƙwarai kuwa, kuma nan masu shirya jarrabawa suka fi ɗana tarko. Ɗauki direban bas mai jigila daga Kwangila zuwa Samaru. Idan aka ce “The driver stopped smoking”, ya daina shan taba ke nan, sai a taya shi murna. Idan aka ce “The driver stopped to smoke”, birki ya taka ya gangara gefen titi don ya kunna sigari, fasinjoji suna ta zufa suna tsaki.

Haka “remember”. Mai shago a kasuwar Sabon Gari zai ce wa yaronsa “Remember to lock the shop”, wato kada ka manta ka kulle. Ba a kulle ba tukuna. Da safe aka tarar da ƙofa a buɗe, yaron ya rantse ya ce “I remember locking the shop”, wato ina tune da lokacin da na danna kwaɗon. “Forget” ma haka yake tafiya. “Try to open it” yunƙuri ne a kan abu mai wuya, “try opening it” kuwa gwaji ne, a ga ko zai yi amfani.

Malam, na rufe wasiƙata ta neman gurbi da “I look forward to hear from you”, aka ja mini jan biro. Ba “to” ne a wurin ba?

Shi ne, amma ba irin wancan ba. Bayan ƙananan kalmomi irin su “in”, “of”, “for”, “without”, “before” da “after”, in dai aikatau ne zai biyo baya, kullum mai “-ing” ne: “without eating”, “before leaving”. To “to” ɗin da ke cikin “look forward to” ɗan wannan gidan ne. Shaida ita ce kana iya sa suna a bayansa: “I look forward to Sallah”. Saboda haka “hearing from you” za ka rubuta. Wannan gwajin zai raba maka gardama tsakanin “I am used to trekking”, na saba da tafiya a ƙasa, da “I used to trek”, a da nakan yi, yanzu na bari.

Me ya sa “He made me to wait” kuskure ne, alhali kowa haka yake faɗa?

Yawan masu faɗa bai sa mai duba takarda ya yafe ba. “Make” da “let” ba sa son “to”: “He made me wait”, “Let him go”. Amma idan aka juya jimlar ba a ambaci wanda ya sa ka jiran ba, “to” yana dawowa: “I was made to wait”. Sai kuma akasin haka, wanda ya cika takardun ofis a ƙasar nan: “to enable him travel”. Shi “enable” yana bukatar nasa, “to enable him to travel” ne daidai.