Cutar sosa ta tumaki: yadda take bi daga uwa zuwa ɗa

Wace irin cuta ce wannan?

Turawan Ingila suna ce mata scrapie, saboda tunkiyar da ta kamu takan yi ta goga jikinta a shinge ko kututture har gashi ya zube. Daga baya sai rawar jiki, tangaɗi, rama, sannan mutuwa. An san ta a Birtaniya tun wajen 1732. Abin da ke haddasa ta wani furotin ne na jiki da ya lanƙwashe ba daidai ba, ya riƙa tilasta wa 'yan'uwansa su lanƙwashe irin nasa, har ƙwaƙwalwa ta koma kamar soso. Wani masanin kimiyya, Stanley Prusiner, shi ne ya raɗa masa suna prion a 1982, ya kuma samu kyautar Nobel a 1997. Har yau cutar ba ta da magani ko allurar rigakafi.

To ta ina ɗan tunkiya yake ɗauka?

Ranar haihuwa ce babbar masifa. Furotin ɗin yana taruwa da yawa a cikin mabiyiya da ruwan haihuwa. Tun 1972 aka gwada ciyar da tumaki mabiyiyar tunkiya mai cutar, suka kamu. Ka tuna yadda haihuwa take a garke: uwa ta lashe ɗanta, ɗa ya yi ta birgima a jiƙaƙƙiyar ƙasa, wata tunkiyar ta zo ta shinshina ko ta ci mabiyiyar. Ke nan ba ɗan da aka haifa kaɗai ke cikin haɗari ba, har da duk 'ya'yan da aka haifa a wannan wurin. Kuma uwar tana iya zama garau a ido, domin cutar takan yi shekara biyu zuwa biyar kafin ta nuna kanta.

Nono fa?

Shi ma hanya ne. Wani bincike a Ingila a 2008 ya nuna 'ya'yan da aka shayar da nonon tumaki masu cutar sun kamu. Don haka shayar da marayan ɗan tunkiya da nonon wata uwa, ko ba shi dakashinta, yana buƙatar a san lafiyarta. Akwai kuma shaidar kamuwa tun a ciki, amma ba ta kai ranar haihuwa nauyi ba.

Duk ɗan da uwarsa ke da cutar sai ya kamu ke nan?

A'a, kuma nan ne abin ya fi ban mamaki. Gado yake yanke hukunci. Akwai tsarin gado da ake kira ARR mai juriya sosai, akwai VRQ mai saurin kamuwa. Da yake ɓangaren mabiyiyar da furotin ɗin ke taruwa na ɗan tayi ne, idan ɗan ya gaji juriya, yawanci mabiyiyar kan fito ba ta ɗauke da cutar, ko da uwar na da ita. Rago ɗaya mai ARR yana iya kare ɗimbin haihuwa. A kan wannan Birtaniya ta kafa shirinta na ƙasa a 2001, na zaɓar raguna masu juriya. A ganina dabarar ta fi karkashe garke hankali, ko da yake tana cin lokaci.

Idan an kwashe dabbobin, wurin ya tsarkaka?

Ina! Tafasa ba ta kashe shi, galibin magungunan feshi ma haka. A Iceland an ga cutar ta dawo a wani ɗakin tumaki bayan shekara 16 da kashe garken farko. Shi ya sa ake ƙone mabiyiya da shimfiɗar wurin haihuwa nan take.

Mutum yana ɗauka?

Ba a taɓa tabbatar da mutum ya kamu daga tunkiya ba. 'Yar'uwarta ta shanu, wadda ake kira haukar shanu, ita ce aka danganta da mutuwar mutane a Birtaniya a 1996.