Dokar Coulomb: ninka caji ake yi, ba a tarawa

Tunda jarrabawar WAEC ta matso nake jin wata magana tana yawo a bakin ƴan SS3, wai idan ka ninka cajin lantarki guda biyu kowanne sau biyu to ƙarfin da ke tsakaninsu ma sau biyu zai zama. Wallahi ba haka bane, kuma yana min ciwo in ga yaro ya sha karatu ya zo ya zubar da maki a nan.

Dokar ta wani Bafaranshe ce, Charles-Augustin de Coulomb, a 1785 ya fitar da ita. Tana aiki ne kan caji da ke tsaye wuri ɗaya, ƙanana idan an kwatanta da tazarar da ke tsakaninsu. Iri ɗaya su ture juna, fositif da negetif su ja juna, wannan kowa ya haddace.

To a lissafin dokar, F = kq1q2/r² (F shi ne ƙarfin, q1 da q2 cajin biyu, r tazarar da ke tsakaninsu, k kuma lamba ce da ba ta canzawa), ku duba da kyau, q1 SAU q2 ne. Ɗauki caji 2 da 3, ka samu 6. Ninka ɗaya kawai, 4 sau 3, 12, ƙarfi ya ninku sau biyu. Ninka duka biyun, 4 sau 6, 24, sau huɗu kenan. Masu cewa sau biyu tarawa suke yi a zuci ba su sani ba, 2 da 3 ya ba su 5, 4 da 6 ya ba su 10, shi ya sa amsar ke musu kama da gaskiya.

Sai wanda ya fi rikita mutane, wai babban caji ya fi ture ƙarami fiye da yadda ƙaramin ke ture shi. A'a fa. Ko ɗaya 100 ne ɗaya 1, ƙarfin da kowanne ke ji daidai yake, fuskar da ƙarfin ya nufa ce kawai ta saɓa, ai lissafin ɗaya ne ko ta ina ka fara. Idan ka ga ɗaya ya fi gudu to rashin nauyinsa ne ya jawo, ba ƙarfin ba. Ni nan ne dokar ta fi burge ni, babu babba babu yaro.

Kuma coulomb ɗaya, wato ma'aunin caji, ba ƙaramin abu bane, guda biyu a tazarar mita ɗaya ƙarfinsu ya kai niyuton (ma'aunin ƙarfi) biliyan 9, shi ya sa tambayoyi ke zuwa da microcoulomb, wato kashi ɗaya cikin miliyan na coulomb, 10⁻⁶. Don Allah a sa 10⁻⁶ ɗin nan a kowanne caji, sau biyu, kafin a taɓa kalkuleta.