Manya suna alwala, yara fa wa ke wanke musu fuska?

Babba a cikinmu ba ya wuni bai kai ruwa fuskarsa ba, tunda ga alwala. Wanda ake mantawa da shi shi ne yaron da bai kai munzalin sallah ba, ɗan shekara biyu, uku, biyar. Zai tashi da safe da kwantsa a ido, majina ta bushe a hanci, a ɗura masa koko ya fice wasa. Zuwa hantsi ƙudaje sun yi masa zobe a ido, shi ko korarsu ba ya yi don ya saba. Kullum muka shiga gidaje zagayen rigakafi sai mun ga irin wannan, har a gidajen da aka share tsakar gida tas, aka jera kwanuka suna ƙyalli.

Ta nan ne amosanin ido ke shiga. Ƙwayar cuta ce da ke zaune a cikin kwantsa da majinar yaro mai ɗauke da ita. Ƙuda ya sauka a idon wannan, ya tashi ya sauka a na wancan. Ko kuma uwa ta share wa Sani fuska da gefen zaninta, ta juyo ta share wa ƙanwarsa da wurin nan dai. Kamuwa ɗaya ba ta makantarwa. Abin da ke ɓarna shi ne kamuwa a kai a kai tun ana ƙanana, har cikin fatar ido ya yi tabo, ya tattare, gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar ido duk ƙiftawa. Sai an girma makanta ke zuwa, kuma irin wadda ba ta warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata sun fi maza makancewa da ita, har ninki huɗu, don su ne kullum tare da yara.

Ana iya raba ƙasa da wannan cuta. Hukumar ta tabbatar Gana ta shawo kanta a 2018, Gambiya a 2021, Togo a 2022, Mali da Benin a 2023. Hanya huɗu aka haɗa: aikin gyaran fatar ido, rabon maganin azitromaisin, tsabtar muhalli da gina masai (ƙudan nan a kashin mutane da aka yi a fili yake hayayyafa), sai wanke fuska. Na ƙarshen nan ne ba ya jiran gwamnati.

Na san za a ce ruwa na wuya, musamman da bazara in rijiyoyi sun ja baya. Gaskiya ne. Amma rabin buta ya isa yara biyu ko uku in an tsiyaya a hankali. A tsiyaya wa kowane yaro nasa, kada a tara ruwa a kwano ɗaya kowa ya tsoma. A wanke kewayen ido da ƙasan hanci da sabulu, da safe da kuma kafin kwanciya, a bar iska ta busar. Tawul ɗaya na gida duka bai da amfani a nan. Uwa ma ta wanke hannunta in ta gama.

Ku kuma 'yan mata da samari masu fama da ƙuraje, alwala tana kawar da ƙura, amma ruwa zalla ba ya fitar da maiƙo da hoda da kwalli. Sabulu sau biyu a rana ya wadatar, sai in an yi gumi sosai. Na dare ya fi muhimmanci, kada a kwana da kwalliya. A yi amfani da sabulu mai laushi da ruwa mai ɗan ɗumi, a murza da yatsu a hankali. Soso da sabulun wanki ba na fuska ba ne. Dirza da ƙarfi ƙara tayar da ƙurajen yake yi, matse su kuma shi ke barin baƙin tabon da ake zuwa asibiti ana kuka da shi. Da hunturu, a shafa ɗan man kaɗanya tun fuska na da sauran laima, amma mai fuskar maiƙo ya nemi mai marar nauyi. Man bilicin dai ba ya cikin gyaran fata, sirantar da ita yake yi har jijiyoyi su bayyana.

In akwai dattijo ko dattijuwa a gida da gashin ido ke soke musu ido, har ana cire musu da hantsaki, a daina jinkiri. Gashin zai sake fitowa. A kai su asibiti mafi kusa a nemi sashen ido, aikin gyaran ba ya ɗaukar lokaci, yawanci ma a ranar ake sallamar mutum ya koma gida.