Wai za a kori masu rigar Mickey Mouse don sun shiga ƙungiya? Ga abin da dokar ta ce

Tun da labarin nan ya fito cewa ma'aikatan Disneyland, wurin shaƙatawar nan na kamfanin Disney a Amurka, masu sa rigar Mickey Mouse da su Goofy sun shiga ƙungiyar ƙwadago nake jin magana kala-kala, wani ya ce ai sun jawo wa kansu, kamfani zai tattara su ya kora ya ɗebo wasu tunda ba wanda ya san fuskar da ke cikin rigar, wani kuma ya ce shi kenan kakarsu ta yanke saƙa, albashi ya ninka. Duka biyun ba haka ba ne.

A watan Mayun 2024 aka yi ƙuri'ar a Anaheim, jihar Kalifoniya. Ma'aikatan kusan 1,700 ne, 953 suka ce eh, 258 suka ce a'a, suka shiga Actors' Equity Association, ƙungiyar 'yan wasan dandamali da take nan tun 1913. Kuma fa ba sabon abu ba ne, 'yan uwansu na Disney World a Fulorida tun shekarun 1980 suke ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters, har yau Mickey bai daina ɗaga wa yara hannu ba.

Masu cewa ai wasa ne kawai, me za a yi da ƙungiya, ku ɗan tsaya. Mutum ne a cikin ƙaton kai mai nauyi, ta 'yar raga yake leƙen hanya, zufa na zuba cikin ido ba halin sharewa, yaro ya ja wutsiya, babba ya rungumo da ƙarfi don hoto, shi kuma ba a yarda ya ce uffan ba. Kukansu dai tsaftar kayan da ake karɓa-karɓa, da raunin da ake ji, da jadawalin aiki da ake canjawa ba shiri, sai albashi. A Fulorida sai 2001 ƙungiya ta samo musu damar kowa ya riƙe kayansa na ciki ya wanke da kansa, ka ji fa.

Dokar ita ce ta ƙwadagon Amurka ta 1935, wadda ake ce wa dokar Wagner, sashe na 7 ya ba ma'aikacin kamfani mai zaman kansa damar haɗa kai da 'yan uwansa, sashe na 8 kuma ya hana kamfani kora ko barazana ko rage wa mutum matsayi saboda hakan. Ba ta shafi manajoji da ma'aikatan gwamnati da na gona da 'yan aikin gida da 'yan kwangila masu cin gashin kansu ba. In kashi 30 cikin ɗari na ma'aikata suka sa hannu, NLRB, hukumar tarayya mai kula da wannan doka, ta shirya zaɓe, masu rinjaye su yi nasara. Don haka korar mutum don ya shiga ƙungiya karya doka ne, wannan kam ba gardama.

To amma idan kamfani ya karya ɗin fa? Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne nake ganin masu tsoron suna da 'yar gaskiya. Dokar ba ta da tara. Ba wani manaja da za a ɗaure. Abin da hukumar za ta yi shi ne ta ce a mayar da kai bakin aiki, a biya ka albashin da ka rasa, kuma a cikin kuɗin ma za a cire abin da ka samu a wani aikin da ka kama kafin a gama shari'a, wato idan ka je kana wanke kwanuka don kar yara su kwana da yunwa, ka rage wa wanda ya kore ka bashi ke nan. Sai kuma a sa kamfanin ya liƙa takarda a bango, yawanci kwana 60, yana cewa ba zai sake ba.

Ko wannan umarnin ma hukumar ba ta da ikon tilasta shi da kanta, in kamfani ya yi kunnen ƙashi sai ta garzaya kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, abin ya ɗauki shekaru, kafin nan wanda aka kora ya koma wani gari, sauran kuma sun ga abin da ya same shi sun kama bakinsu. Ni dai a ganina ga kamfani mai biliyoyin dala wannan bai kai cizon sauro ba.

Masu murnar albashi su ma su sassauta. Ƙuri'a ba yarjejeniya ba ce. Dokar ta tilasta wa kamfani ya zauna a tattauna da zuciya ɗaya, amma ba ta ce dole ya yarda da ko sisi ba. Yajin aiki ma da sharaɗinsa, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1938 idan a kan kuɗi kuka tafi yaji ba za a kore ku ba amma ana iya ɗaukar wasu a gurbinku dindindin, ku zauna jiran gurbi ya buɗe. Ku faɗa min bambancin wannan da kora a wajen mai biyan haya.

Batun wai dole kowa ya biya kuɗin ƙungiya kuwa, ya danganta da jiha. A Fulorida ba a tilasta wa kowa, a Kalifoniya ana iya sawa a yarjejeniya. Wanda kuma aka taɓa saboda ƙungiya, wata 6 kacal yake da shi ya kai ƙara NLRB, in ya wuce ƙofa ta rufe.