Famfon Baƙin Mai Mai Matsi a Injunan Dizal

Famfon baƙin mai mai matsi wani sashe ne na wasu injunan dizal, wanda aikinsa shi ne ya ɗebi baƙin man injin ya tura shi da ƙarfi zuwa kan injektoci, domin ƙarfin wannan man ne ke sa kowace injekta ta fesa gas cikin silinda. Ya sha bamban da famfon gas da makanikai suka saba da shi a tsofaffin motocin Marsandi da MAN da DAF, wanda gas ɗin kansa yake matsawa. Ana samunsa a tsarin da ake kira HEUI, wato tsarin injektocin da baƙin mai ke turawa kwamfuta kuma ke sarrafawa, wanda kamfanonin Caterpillar da Navistar na Amurka suka fito da shi a farkon shekarun 1990. Injunan da ke ɗauke da shi sun haɗa da 3126 da C7 da C9 na Caterpillar, da DT466E na International, da Power Stroke mai lita 7.3 da Ford ta sa a motocinta daga 1994 zuwa 2003, sai mai lita 6.0 da ya gaje shi. A Zamfara da Kebbi an fi cin karo da shi a jikin katafilolin aikin hanya da haƙar ƙasa.

A injin mai lita 7.3, haƙorin giya ne ke juya famfon, kuma a samansa akwai ƙaramin tanki da famfon baƙin mai na yau da kullum ke cikawa. A cikinsa akwai ƙananan fistin bakwai da ke zamewa a kan wani karkataccen faifai, suna shiga suna fita. Matsin, wanda ake aunawa da ma'aunin psi, kan kama daga 500 zuwa kusan 3,000, kuma kwamfutar motar ba za ta ba injektoci izinin fesawa ba sai ya kai kimanin 500. Wani bawul mai suna IPR ne ke rage matsin ko ƙara shi, sensa mai suna ICP kuma tana sanar da kwamfuta inda ya kai. A cikin injekta ana ninka wannan ƙarfi kusan sau bakwai kafin gas ya fita.

Alamar da aka fi sani ita ce mota ta tashi lafiya da sanyin safiya, amma idan ta yi zafi aka kashe ta, sai a yi ta murza makulli ba ta kama ba, saboda mai ya tsinke yana sulalewa ta inda ƙarfe ya ci. Sai dai wannan alama ba hujja ba ce a kan famfo, kuma a nan ne masu motoci ke asarar kuɗi mai yawa. Robar injekta da ta tsufa, ko ragar bawul ɗin IPR da ta yage, ko ƙarancin mai a injin, duk sukan haifar da ita. Makanike mai hankali yakan fara ɗaura mitar matsi, sannan ya hura iska cikin hanyar man yana sauraren inda take fita, kafin ya taɓa ƙusa ko ɗaya ta famfon.

Abin da ya fi kashe famfon shi ne datti. Ƙurar hunturu a hanyoyin karkarar Gusau ko Jega, da man da aka bari ya wuce lokacin juye, da man awo da ba a san asalinsa ba, su ne ke goge fuskar fistin da faifai. Man da ke kumfa ma yana rage matsi.

Wajen sake haɗa shi, tsabta ce gaba da komai, don bai kamata a buɗe shi a kan buhu a tsakar gareji ba. Ana wanke jikinsa na waje tukuna, a kwance shi a kan tebur, a jera fistin bi da bi domin kowanne ya koma raminsa. Ana duba tafin kowane fistin da fuskar faifai a cikin haske; karcen da farce ya maƙale a kansa ya isa a jefar da ƙarfen, domin goge shi da sanfefa ba ya mayar da abin da ya ci. Robobi da sil kuwa ba a mayar da tsofaffi. Idan an ga garin ƙarfe a ciki, wajibi ne a wanke bututai da hanyoyin mai, a canja mai da filta, in ba haka ba gyararren famfon zai bi sahun na farko. Bayan ɗaurawa sai a cika tankin sama, kuma injin kan ɗan yi gargada har iskar ciki ta gama fita.

Kayan gyaransa ba su cika samuwa a Gusau ko Birnin Kebbi ba, don haka akan aika Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ko a nemi dillalin Caterpillar na Najeriya, wato Mantrac, domin sabo ko wanda kamfani ya sabunta. Na Beljiyam ya fi araha, amma ba a ganin cikinsa, shi ya sa ya kamata a sharɗanta mayarwa kafin a biya. Kamannin waje yaudara ce, domin a injin 7.3 kaɗai akwai famfo mai faifan da ya karkata digiri 15 da kuma wanda ya biyo bayansa mai digiri 17, wanda ya fi tura mai. Saboda haka mai saye yakan tafi da tsohon famfon a hannu, tare da lambar injin da lambar da ke jikin famfon.