Waiwaye: Zanen Bangon Yukren Ya Fara Zubewa Tun Kafin Yaƙi

Tun da aka ga hotunan ɓarnar da yaƙin 2022 ya yi wa zanen bangon mai zane Alla Horska a birnin Mariyupol, muhawara ta ƙara zafi a Yukren: shin mozayik (zanen bango na gutsattsarin gilashi da tayil) na zamanin Tarayyar Sobiyet gadon ƙasa ne, ko farfagandar da ya kamata a kankare? Masu bin labarin daga nesa na ɗaukar bam ne ya fara cinye shi, alhali ya daɗe yana zubewa.

Farkon tarihin sananne ne. Hukumomin Sobiyet sun kashe Mykhailo Boichuk, jagoran masu zanen bango na Yukren, a 1937, aka shafe zanen bangon almajiransa. A shekarun 1960 Horska da abokan aikinta suka dawo da launi da tsuntsaye da furannin zanen ƙauye kan bangon makarantu da gidajen abinci, ciki har da ayyuka biyu na Mariyupol a 1967. Ita ma an kashe ta a 1970.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, da aka sayar da masana'antu da shaguna ga 'yan kasuwa. Takardar ciniki ta ambaci gini, ta yi shiru kan abin da ke jikin bangonsa, kuma yawancin ayyukan ba sa cikin rajistar kayan tarihi. Shi kuwa mozayik yana son kulawa. Gutsattsarin gilashi mai launi ne da tayil, ake dasa su ɗaya bayan ɗaya cikin ɗanyen siminti. Da indararo ya lalace, ruwa sai ya ratsa bayansu, ya daskare da hunturu, ya kumbura, ya ɓamɓare simintin daga bulo. Shekara na zagayowa, faffaɗan yanki ya faɗo gaba ɗaya. Gyaran na buƙatar gilashi mai launi iri ɗaya da na asali, ga shi masu narka shi sun yi ƙaranci. Sai kuma aikin kare gidaje daga sanyi: a manna allunan soso a bango, a yi filasta a kai, zane ya shige ciki. Wani lokaci ma ƙusoshin da ke riƙe allunan sukan farfasa shi. Dokokin cire alamomin kwaminisanci na 2015 sun zo sun tarar da ayyukan da tuni ba su da mai tsaya musu.

A wannan giɓin masu fasahar yau suka shigo. Yevgen Nikiforov ya zagaya ƙasar yana ɗaukar hoton mozayik, ya tara sama da 1,000, kuma wasunsu yanzu a hotonsa kaɗai suka rage. Zhanna Kadyrova kan tattaro tsohon tayil na masana'antun da aka rufe, ta gina riguna da shi, ta rataye su. A 2024 an yi babban baje kolin ayyukan Horska a Kiyef. Masu neman a adana sauran na cewa a fara sa su a rajista, a gyara indararo, sannan a zauna batun alamomin siyasar da ke jikin wasu.