Don Allah a daina ɗaure karaya tamau

Jama'a, abin nan ya ishe mu a ɗakin masu karaya. Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ko ɗan acaɓa ya kife, sai a zarce da shi wurin mai ɗori. A jera karare, a naɗe da tsumma, a ja tamau. Yaro ya kwana yana ihu, ana ce masa ya daure, ƙashi ne ke haɗuwa. Wane haɗuwa? Hanyar jini aka toshe. Wurin da ya karye dole ya kumbura, ɗauri kuwa ba ya saki, kuma tsokar da ta yi kamar awa 6 ba jini ta fara mutuwa ke nan. Sai yatsu sun yi baƙi, hannu ya fara wari, sannan a kawo shi ana cewa likita ya taimaka. Da me zai taimaka, in ba yankewa ba?

Wasu kan ce mini ai kimiyya ta ci gaba. Ta ci gaba kam. Masu bincike na amfani da na'ura su buga wata irin raga daidai girman giɓin ƙashi, daga roba mai narkewa a jiki, a gauraya ta da sinadarin ƙarfe irin su magnesiyam da zinki. Sabon ƙashi ya bi ƙofofin ragar ya tsiro, ita kuma ta narke a hankali. Ana so ne a rage ciro ƙashi daga ƙugun majiyyaci don cike giɓi. Amma yawancinsu har yanzu a ɗakin gwaji da jikin dabbobi suke, kuma ko gobe suka iso, sai inda jini ke gudana za su yi aiki. Hannun da ɗauri ya ruɓar, ba ragar da za ta dawo da shi.

Iyayena mata, na san tsoron kuɗi ne, da tsoron a ce za a yanke. Wallahi ɗaurin da jinkirin su ke kai mu ga yankan. A daina ɗaurewa tamau!

In an samu karaya:
- a tallafe da katako ko kwali, a ɗaure sako-sako
- in ƙashi ya huda fata, a rufe da ƙyalle mai tsabta, ban da toka ko garin magani
- a je a ɗauki hoto a ranar, a babban asibiti mafi kusa ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano
- in yatsu sun yi sanyi, sun dushe, ko zafi na ƙaruwa, a kwance ɗaurin nan take a taho, ko tsakar dare ne.